Tsummokin Bappa a Gonar Namtari

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Bappa, ƙanen mahaifina, ya riga mu tafiya a ƙarshen daminar bara, masararsa tana tsaye a gona ba ta gama bushewa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Yola, bai dawo da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni direban keke ne a Jimeta, bokona bai wuce firamare ba. Amma na zauna zaman makokinsa daga farko har ƙarshe a ƙofar gidansa a Dubeli, na ji kowa yana yabon wani mutum daban. Yanzu da shekara ta zagayo na ce bari in ajiye nawa, kafin a manta yadda yake tari ma.

Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar gona sun zo, suka ce malamin gona ne na gaske, bai taɓa karkatar da buhun takin gwamnati zuwa kasuwa ba. Modibbo, malamin unguwarmu, ya ce sahun gaba ya yi rashi. Mutanen Namtari, inda ya yi yawancin aikinsa kuma inda gonarsa take, sun zo tare da Jauro, mai garinsu, suka zauna a gefen tabarma. Jauro dai yana ta goge ido da bakin rawani. Duk waɗannan na gane su, na san inda zan zaunar da kowa.

Waɗanda suka rikita mu su ne 'yan ajinsa. Mutum ya doshi saba'in, wai yana da 'yan aji. Wani ɗan kwastan ya zo da kakinsa. Wani ma'aikacin banki ya zo da igiya a wuya, yana ta neman inda zai ajiye takalmi. Sai Madam, malamar sakandare, Kirista daga kudancin jihar, tana zaune a Bekaji. Ita ta fi 'ya'yan cikinsa kuka. Goggo, ƙanwar Bappa, ta jawo ni zaure ta riƙe mini hannun riga.

"Kai, gaya mini gaskiya. Wannan mai kukan, aure ya yi a ɓoye?"

"Goggo, 'yar ajinsa ce."

"Ajin me? Shi da jikokinsa suke sakandare?"

Ban gama da Goggo ba sai ga Madam ta miƙo mini waya. Ta ce sauran 'yan aji da malamarsu suna so su yi gaisuwa. Hamma, babban ɗan Bappa, ya kau da kai, don shi tun farko bai so wannan karatun ba. Dole ni na karɓa. Na ga fuskoki a ƙananan akwatuna: wani baƙi mai tabarau, wata fara mai ƙananan ido, da wata tsohuwa mai furfura wadda aka ce ita ce malamar. Kowa yana wata ƙasa. Suka yi ta Turanci, ni kuma duk abin da aka faɗa sai in ce amin. Goggo ta leƙo ta bayana, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Baƙi sun zo gaisuwa, ko ruwa ba a ba su ba. Wannan wace irin ta'aziyya ce?" Tsohuwar nan ta cikin waya kuwa ta cire tabarau tana share hawaye. Mutumin da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Har yau ban san inda zan ajiye wannan kukan a raina ba.

Bari in faɗi yadda makarantar take, iyakar abin da na fahimta. Jami'a ce mai zaman kanta, ta ma'aikata da waɗanda suka manyanta, ana karatu ranar Asabar da kuma bayan an tashi aiki. Ni na fara kai shi a kekena. Ya ce in tsaya a gaban wani shagon tayil.

"Bappa, ina jami'ar?"

"Ga ta nan a sama."

"Wannan ai ɗakuna ne na haya."

"Wannan reshe ne. Uwar tana ƙetare. Akwai wata kuma a wata ƙasar, sun haɗa hannu. Malama tana can, mu muna nan, muna haɗuwa a cikin allon bango."

"To takardar wa zai ba ku, na can ko na nan?"

"Su duka za su sa hannu. Ja kekenka, kana tare wa mutane hanya."

Na ja kekena. Ban gane ba ran nan, yau ma in aka ce in maimaita ba zan rantse na gane ba. Na dai san ya je ya yi fasfo, don an ce bikin kammalawa a can uwar makarantar za a yi, shi da iyakar tafiyarsa Garwa.

Bappa yana da tambaya guda da ta ishi kowa a gidan. Ka zo masa da labari, ko na siyasa, ko na farashin shinkafa, ko Goggo ta ce wance mayya ce, sai ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "Ka gani, ko gaya maka aka yi?" Har yaran gidan suke kwaikwayonsa a bayan ido. Ba ya wuce gona bai ɗebi ƙasarta ya shinshina ba, in ta yi masa sai ya zuba a aljihu. Dada, matarsa, ta ce a duk zamansu ba ta taɓa wanke rigarsa ruwan bai koma laka ba. Waya kuwa da yatsa ɗaya yake danna ta, kamar yana kashe kuɗin cizo. In sabis ya ɗauke ana tsakiyar lacca, sai ya hau kan bencin alwala ya ɗaga wayar sama, Dada tana riƙe masa ƙafa tana faɗa.

Mun yi faɗa da shi, kuma a kan makarantar nan ne. Wata Asabar ana zafin da kwalta take narkewa, na daɗe ina jiransa a ƙarƙashin benen, fasinja suna wuce ni. Da ya sauko muka kama hanya, bakina ya kasa shiru.

"Bappa, tsakaninka da Allah, wa zai ba ka aiki da wannan digirin? Gwamnati ta sallame ka. Haƙoranka ma sun fara sallamarka."

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya. Ya sauka, ya danƙa mini kuɗin mota a hannu kamar kowane fasinja, abin da bai taɓa yi ba, ya rungumi jakarsa ya kama tafiya a ƙasa. Na bi shi a hankali da keke ina ba shi haƙuri, masu mota suna zagina ta baya. Har Dubeli bai waiwayo ba. Wannan mutumin shi ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu. Da na gudu daga makaranta bai dake ni ba, ya zaunar da ni ya ce to me nake so in yi. Shi ya tsaya mini aka ba ni keken da na wulaƙanta shi a ciki. Ya daina amsa gaisuwata har aka fara ruwa.

Ranar da ya huce, aike ya yi in zo in ɗauki turaku mu kai Namtari. A gonar na tarar ya yanka wani sashe ƙanana-ƙanana da igiya. Ya fito da tsummoki daga jaka, ja da kore da shuɗi. Da ganinsu na san zannuwan Dada ne. Muka yi ta kafa turke, yana ɗaura wa kowanne tsummansa.

"Ja takin shanu ne zalla, yadda iyayenmu suke yi," in ji shi. "Kore takin zamani, yadda na koya wa mutanen nan. Shuɗi an haɗa biyun."

"To me ya sa ba za ka tara ja wuri ɗaya ba? Ja nan, kore can, ga wani ja kuma."

"Don kada ƙasa ta yi mana wayo. Wani gefen ya fi wani ƙarfi."

Ya ce wannan shi ne aikin ƙarshe na karatun, kuma na su huɗu ne tare. Shi ya kawo gona da noma, Madam take rubutu, ɗan banki lissafi, ɗan kwastan kuma ban san aikinsa ba, ya dai iya ɗaukar hoto. In masara ta bushe, kowane yanki za a karye shi daban, a zuba a buhunsa daban, a ɗora a sikeli, a aika wa malamar ƙetare. In ba a yi haka ba, babu wanda zai ga takarda a cikinsu.

Na ce duk wannan wahalar don takarda. Ya zauna a kan kunya, ya daɗe yana murza ƙasa a hannu.

"Duk shekarun da na yi ina aiki, umarni ne yake zuwa daga hedikwata. In hau babur in zo nan in ce ku yi kaza, ku bar kaza. Suka yarda da ni. Wasu suka daina kai takin shanu gona saboda maganata. Yanzu Jauro yana cewa ƙasar ta gaji. Ni kuwa ban taɓa aunawa ba. Gaya mini aka yi, ni ma na gaya musu. Ina so in sani kafin a tambaye ni."

"Wa zai tambaye ka? Ai ka yi ritaya."

Ya zuba ƙasar a aljihu, ya miƙe. Sai da muka kusa gida na gane wanda yake nufi.

Mutanen Namtari bai gaya musu wannan ba. Kunya ta hana shi ya ce wa mutanen da suka bi shi shekara da shekaru yana shakkar abin da ya koya musu. Ya ce wa Jauro aikin makaranta ne, shi ke nan. Jauro ya ɗauka tsummokin na korar tsuntsu ne, matan ƙauyen suka ce maganin baki ne.

Madam ta ba ni wani labarinsa a zaman makoki. Ita digirin take jira a ƙara mata girma, waɗanda ta koyar sun zo sun wuce ta a ofis. Da mijinta ya kwanta ciwo sai ta bar zuwa aji. "Baba ya zo gida na a Bekaji," in ji ta. "Ya zauna ƙarƙashin mangoro. Na kawo ruwa, ya ce ba zai sha ba sai na ɗauko jaka na. Na ce Baba, ni na gaji. Ya ce shi ma ya gaji, kuma shi ƙishi ma yana ji." Dole ta ɗauko jakar.

Bayan sadakar bakwai muka yi shawara da ita, mu bari masarar ta gama bushewa mu je mu karye yadda Bappa ya tsara. Hamma ya ce mu hanzarta. Gari yana matsowa wajen Namtari, ya sami mai sayen gonar, da an raba gado za a sayar. Madam ta aro sikeli, ta ɗaura wa buhuna zare ja da kore da shuɗi. Muka loda a keke wata Asabar da safe.

Tun daga nesa na ga gonar ta yi fili. Na ɗauka hanya na ɓata. Muna isa muka tarar da tsibin masara guda ɗaya a tsakiyar gona, ya fi ni tsayi, an ɓare ta tas. Turakun an tuge su an ɗaure dami guda a gindin bishiya. Tsummokin an kwance an ƙulle su wuri ɗaya. Jauro ya taho da mutanensa fuska a sake.

"Jabbama, jabbama! Mun so mu aiko muku, sai muka ce a'a, a bar marayu da mai takaba su huta. Gayya muka yi jiya, ƙauyen kaf, har mata. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a kanmu, mu bar masararsa ta lalace? Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Ga ta sadakar arba'in nan ta samu."

Madam ta zauna daɓas a ƙasa, buhunan a cinyarta.

"Jauro, wanne ne na ja? Wanne ne na kore?"

Ya dubi tsibin, ya dube ta. "'Yata, ai duk masara ce."

Na so in yi wa wani ihu, na rasa wanda zan yi wa. Ga tsofaffi da hannu duk yankan kara, sun bar nasu aikin sun yi wa mamaci. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Useko, Allah ya saka." Madam ma tana hawaye tana cewa ta gode. Sai da muka koma inuwa, Jauro ya ga kukan bai tsaya ba, ya tambaye ni ko an yi wani sabon rashi ne. Ni ban iya zagaye ba. Na gaya masa komai, har abin da Bappa ya faɗa mini ranar da ya zauna a kan kunyar gonar nan.

Jauro ya riƙe baki.

"Shi ya yi shakkar maganarsa? Mu ba mu taɓa yi ba." Can kuma ya ce, "To wanne ya fi?"

"Ai kun haɗa, Jauro."

Masarar nan ita aka yi tuwon sadakar arba'in da ita. Dubeli kaf ta ci. Ni ma na ci, ina kai loma ina tunanin ko ja nake haɗiya ko kore.

Malamar ƙetare ta ce ta ba su damina ɗaya su sake, amma sai dai a wannan wurin, don ƙasar nan aka auna tun farko. Nan aka tsaya. Hamma ya ce sam. "An binne shi. Makarantar da ta ci fanshonsa, yanzu gonar ma za ta ci?" Ba mugu ba ne Hamma, yana da nasa nauyin, kuma mai saye ba zai jira ba. Ni ba magaji ba ne, ba ni da baki. Madam ta zo ta durƙusa masa, ya ce ta yi haƙuri. Na ɗauka magana ta mutu.

Da Dada ta fita takaba aka zauna rabon gado a tsakar gida, Modibbo yana yi wa kowa bayanin rabonsa. Da ya zo kan tumuninta, Dada ta yi gyaran murya daga bakin ƙofar ɗaki.

"Nawa a gona nake so. Kuma a yanka mini shi inda turakun nan suke."

Hamma ya ce, "Dada, wannan ai tsakiyar gonar ce. Wa zai sayi gona da rami a ciki?"

"To ya jira."

"Ke kin san abin da ake nema a wurin ma?"

"Ban sani ba. Ya yi mini bayani har na yi barci. Amma zannuwana uku ya yaga, ɗaya ma ban gama yayinsa ba. Ba za su tafi a banza ba."

Goggo ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Modibbo ya ce in magada sun amince babu laifi. Hamma ya dubi uwarsa, sannan ya tashi ya fita ya kira mai saye. Muna jiyo shi a waje yana ba da haƙuri.

Bana muka sake. Ni na kafa turakun, Madam tana nuna mini wurare a hotunan ɗan kwastan, sai ran nan na san amfaninsa. Tsummokin na da ne, Jauro ya adana su a ɗakinsa. Shi da kansa ya tashi a masallaci ya ce duk wanda ya taɓa masarar nan, ko da niyyar alheri, zai gamu da shi. 'Yan ajin da suka gama sun tafi bikinsu a ƙetare ba tare da waɗannan ukun ba. Fasfon Bappa yana nan a akwatin Dada, ko tambari ɗaya babu a ciki.

Da kaka muka karye, kowane yanki a buhunsa. Mutanen Namtari suka kewaye sikeli kamar ana raɗin suna. Shuɗi ya zo gaba. Kore, wato maganar Bappa, ya biyo shi. Ja ya zo baya, amma ba da nisa ba. Na ce alhamdulillahi an gama, sai ɗan banki ya ce damina ɗaya ba ta isa a yi rantsuwa a kai ba, ya kawo wani dogon bayani da ya mai da ni inda na fito. Jauro bai saurare shi ba. Ya ce, "Ashe rabin gaskiya ya kawo mana. Sauran rabin yana garkenmu muna tsallake shi."

Madam da abokanta sun sami takardarsu. An ce an sa sunan Bappa a shafin farko, na can da na nan duk sun sa hannu. Ban san me wannan zai yi masa a inda yake ba.

Ranar Juma'a na je maƙabarta. Na yi masa addu'a, sai na tsaya na rasa yadda zan ba shi labarin, ko ya yi daidai ko bai yi ba, don ni kaina ban gama ganewa ba. Na ɗebi ƙasar wurin na shinshina, ban ji komai ba sai ƙasa. Na ce, "Bappa, shuɗi ne. Kuma mun gani, ba gaya mana aka yi ba."

Allah ya sauƙaƙa masa tambaya, ya karɓi rabin da ya kawo, ya yafe masa rabin da bai sani ba. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.